Ƙwaryar Inna da Injin Sunusi

Duk wanda ya fasa taga a tsohon bango, ko ya mayar da zaure shago, daga Dangora har Tudun Wada, in ka bincika za ka tarar Sunusi ne ya yanka masa. Sunusi Mai Inji ake ce masa. Ni kuwa Tasi'u, birkila ne, ni nake bin bayansa da kwanon siminti ina gyara bakin inda ya yanka. Mun daɗe tare har ya zama in an kira ɗayanmu aiki, an san mutum biyu za su zo. Yanzu in na je ni kaɗai sai a ce ina mutumin naka, in ce yana gida. A ce me ya same shi, in ce ƙirji ne. Wallahi na gaji da wannan tambaya, gara in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji in huta.

Sunusi ba ɗan cikin gari ba ne. A ruga aka haife shi, can ta wajen Ɗansoshiya, gidan masu shanu da ɗan noman dawa. Muna yara nakan bi babana gonarmu da ke kusa da su, a nan na san shi: dogo, siriri, sanda a kafaɗa, ga murya. Kai, Allah ya ba yaron nan maƙogwaro! Zai tsaya a kan tudu ya kwarara kira, shanun da ke hayin rafi su ɗago kai su juyo. Ni na sha gwadawa, ko akuya ba ta taɓa kula ni ba.

Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Mu ma a gari ana kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu nisa. Tun da na san su ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa a taƙaice tana kallon gefe. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da kuwa shi yana zaune a gabanta. Autanta Muzammil kuwa, shi ne na kira, shi ne na wasa da dariya, shi ne na faɗa. Sunusi bai taɓa ƙorafi ba. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kai, anya ba tsinto ka aka yi ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ba za ka gane ba, Kaɗo."

Shanun suka yi ta raguwa. Makiyaya ta koma gonaki, ciwo ya shiga garken wata damina, mahaifinsu ya rasu aka raba ɗan abin da ya saura. Sunusi ya shigo Dangora yana neman abin yi, ya fara lebura a wurina. Muna wani aikin kwalbati a hanyar Doguwa ya ga wani ma'aikaci yana yanka kankare da inji, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Ya liƙe wa mutumin nan, ya ɗauki wannan ya miƙa wancan, har ya koya. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya sayar da bijimin da ya gada, ya shiga Kano ya dawo da nasa injin, na hannu amma mai lafiya. Abu ne mai nauyi, mai mariƙi biyu, da faifan ƙarfe mai faɗin faranti wanda shi ne yake yankan, da murfi da ya rufe rabin faifan, da doguwar waya. A gefensa kuma akwai wani siririn tiyo da ake jona wa ruwa.

To, a nan ne raina yake ƙuna. Da a ce Sunusi ɗan garaje ne, da na ce shi ya jawo wa kansa. Amma ban taɓa ganin mai tsantseni da inji irinsa ba. Kafin ya taɓa komai sai ya zare filogi ya ajiye a gabansa inda idonsa ke gani, don kada wani mai rawar kai ya jona. Ya ɗaga faifan ya duba shi a hasken rana gaba da baya, in ya ga tsaga ko wani haƙori ya ɓalle sai ya jefar, ko da jiya ya sayo shi. Ya duba kibiyar da ke jikinsa ta dace da inda injin ke juyawa, ya ɗaure noti da sifana, ya girgiza ya ji ba ya motsi. Murfin nan da sauran masu inji ke kwancewa wai yana tare musu gani, shi ko sassautawa ya yi ba zai kunna ba. Ya bi waya da hannu tun daga inji har janareta yana neman inda ta goge, janaretan ma a waje can nesa, ba a ɗaki ba.

Sannan ya koma kan bango. Ya tambayi mai gida ina wayar wuta ta bi, ina bututun ruwa ya bi. Mai gida ya ce babu komai a nan, shi kuma ya sa a kashe wutar gidan duk da haka. In ƙofa za a fasa, sai na tokare sama na sa linta tukuna. Ya ja layi da alli, ya kori 'yan kallo, ya cusa riga cikin wando, ya sa tabarau, ya toshe kunne. Ya kunna injin a iska, ya bari faifan ya ɗauki gudu sosai, sannan ya kai shi jikin bango a hankali, hannu biyu, ƙafa a ware, jikinsa a gefe don in faifan ya cije ya yi tutsu kada ya same shi a fuska. Ba ya dannawa, ba ya murɗawa a cikin tsaga. Ya bi layin sama-sama, ya dawo ya ƙara zurfi. In ya kashe, yana riƙe da shi sai faifan ya tsaya cik kafin ya ajiye. Masu gida su yi ta tsaki wai ya cika nawa. Ni dai na ga wanda inji ya cire wa yatsu a Bebeji, na ga wanda faifai ya fashe ya tsaga masa kunci, Sunusi kuwa har yau yatsunsa a cike suke.

Abu ɗaya ya bari, shi ne tiyon nan. Wanda ya sayar masa da injin ya nuna masa, ya ce da ruwa ake yanka don ƙura ta kwanta. Bai yi sati ba ya kwance shi ya jefa a buhun kayan aiki. Dalilinsa kuma ba na banza ba ne. Na farko, kowa ya san ruwa da wuta ba sa haɗuwa, kuma ya taɓa ganin wuta ta fizgi mutum a kan jiƙaƙƙen daɓe. Na biyu, a garuruwan nan ruwa a ka ake ɗebo shi ko a kura, mai gida ba zai ba ka jarkarsa ka malalar a ƙasa ba, kuma in ka malalar ya ce ka caɓa masa gida. Sai ya koma yanka a bushe kamar kowa. Ya naɗe hanci da baki da rawani, ya cusa jelar a wuyan riga, ya shiga. In yana yanka a ɗaki ba ka ganinsa, sai dai ka ji kukan inji. Ya fito fari fat har gashin ido, ya kakkaɓe, ya fyace hanci, ya ce alhamdu lillahi.

Kuma ai muna da maganinmu, ko ba haka ba? Duk mai aikin ƙura a ƙasar nan, daga mai fasa dutse har mai niƙa, in ka tambaye shi zai ce maka madara tana wanke ƙirji. An tashi aiki, kowa ya nufi mai shayi a fasa masa gwangwani ya kwankwaɗe, shi ke nan an wanke. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya faɗa.

Wata rana Sunusi ya je gaisuwa ruga da ƙurar aiki a kansa, ina tare da shi. Inna ta dube shi ta wutsiyar ido, ta ce da ni, "Tasi'u, wancan toka yake haƙa ne a garin?" Na yi mata bayani, na ce kada ta damu, yana shan madarar gwangwani tana wankewa. Ta taɓe baki ta ce, "Gwangwani? Wace saniya ce take zama a gwangwani?"

Washegari wata mai tallan nono ta yi sallama a ƙofar gidansa a Dangora, ta sauke ƙwarya, ta ce in ji Inna. Madara ce sabuwar tatsa, an dafa an tace. Tun daga ranar ƙwaryar nan ba ta yanke ba. Damina da rani, shanu suna da nono ko babu, ta wancan ake fara cirewa. In aiki ya kai mu Doguwa muka daɗe, sai Inna ta ɗura kindirmo a jarka ta ba direba. Har lokacin da garken ya koma 'yan ƙwarori ana ce mata ta sayar ta huta, ta ƙi rabuwa da saniyar tatsar. Sunusi kuwa in ya ɗaga ƙwaryar nan, ba ya son a yi masa magana. Yakan juya baya ya sha a hankali, ya ɗauraye ta da kansa ya mayar. Na daɗe kafin in gane cewa duk maganar da uwarsa ba ta yi masa da baki, a ƙwaryar nan take zuwa.

Tarin ya fara kamar wasa, busasshe, da safe. Aka ce sanyi ne. Sai ya zama in ya ɗauki injin daga kan babur zuwa cikin gida sai ya tsaya ya dafa bango. Sai gaisuwa ta fara gagararsa. Mutum ya ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, shi kuma tun a ta biyu numfashi ya ƙare, sai ya ɗaga hannu kawai. Mutumin da ke kiran shanu daga hayin rafi! Aka ce tarin fuka ne, ya sha ƙwayoyi wata da watanni, ba wani canji. Daga nan aka tura mu wani babban asibiti a Kano, ni na raka shi.

Likitan dattijo ne. Ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ce, "Da ruwa kake yanka?"

Sunusi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Amma kullum ina shan madara. Ta saniya ce ma, ba ta gwangwani ba."

Likita ya cire tabarau ya murza ido, irin na wanda ya gaji da jin magana ɗaya. Ya ce, "Malam Sunusi, hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Madara ciki take tafiya. Ƙurar kankare da dutse kuwa, mai laushin nan da ido ba ya gani, ita take ratsa rawani ta shige huhu ta zauna, huhun ya yi tabo ya ƙandare. Ba abin da yake wanke ta. Za mu ba ka abin da zai sassauta maka, amma abin da ya lalace ya lalace. Kada ka sake komawa cikin ƙura."

Muka kamo hanyar gida a mota. Sai da muka kusa sauka ya taɓa gwiwata ya ce, "Tasi'u, maganar madarar nan, kada Inna ta ji." Na ce to, me zan ce?

Ya ajiye aiki, amma gida biyu injin nan yake ciyarwa, nasa da na ruga. Sai Muzammil ya karɓa. Lokacin ya zama magidanci da 'ya'yansa, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, kuma hannunsa ba laifi. Sunusi ya zazzage buhun kayan aiki ya nemo tsohon tiyon nan, ya tarar ya bushe ya tsattsage, ya aika Kano aka sayo sabo. Ya sa aka haɗo masa da wata 'yar na'ura da ake jonawa tsakanin waya da janareta, wadda in wuta ta fara zurarewa take katse ta nan take, da takalmin roba mai dogon wuya, da takunkumin hanci na gaske mai tace iska. Ya zauna a kan bulo yana koya wa ƙanen nasa, kalma biyu ya huta, kalma biyu ya huta. A rataye jarka a sama, ruwan ya gangaro ta tiyo ya jiƙa faifan gefe da gefe. A danna maɓallin na'urar a ga tana katsewa kafin a fara. Mahaɗar waya a ɗage ta daga ƙasa, kada ta kwanta a caɓi, kuma ba a ɗaure waya da leda. In an gama a kwashe caɓin tun yana ɗanye, don in ya bushe ƙura ce. In babu ruwa, babu yanka.

Muzammil ya ce, "To, Hamma." Haka suke kiran wa.

"To, Hamma" ɗin nan ta baki ce kawai. Ranar da Sunusi ya iya fitowa, da ruwa ake yanka. Ranar da jiki ya kwantar da shi, sai in ga Muzammil ya rataye takunkumi a kan babur wai yana hana shi numfashi, ya naɗa rawani, ya shige ƙura. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya ce, "Haba Malam Tasi'u, mai gida ya ce ba ruwa, in zauna? Kuma ai Inna tana aiko mini da tawa ƙwaryar. Ita ta ce da ba don madarar nan ba, da tuni an binne Hamma. Ciwonsa daga Allah ne." Ka ji fa! Yanzu ƙwarya biyu take fitowa daga ruga. Kuma auta ne, abin da Inna ta faɗa ya zauna, ko likitocin duniya za su taru.

Na je na sami Sunusi a zaurensa, ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "Ƙanenka yana bin sawunka ƙafa da ƙafa. Ni ba ya ji, kai ba ya ji. Mutum ɗaya yake ji, ka kuwa san ta."

Ya ce, "In ce mata me, Tasi'u? In ce duk tatsar da ta yi, duk tashin da ta yi tun kafin rana ta fito, a banza?"

Na ce, "To bar shi. Nan da 'yan shekaru sai ku zauna a zauren nan ku biyu kuna amsa wa juna tari."

Na san maganar ta yi zafi, da zafin nake nufinta. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce in zo gobe da babur.

Da hantsi muka isa ruga. Inna tana gindin bishiya tana burga nono, ta tsufa ta rame amma bayanta a miƙe. Sunusi ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya fara gaisuwa, ta katse masa a tsakiya, ya jira numfashi ya dawo. Ta amsa tana kallon ƙwarya. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Ya ce, "Inna, yau da ke nake magana." Da Hausa ya yi, ina jin da Fulatanci ba za ta fito ba.

Hannunta bai tsaya ba.

Ya ce, "Likita ya ce madara ba ta kaiwa inda ƙurar take. Ciki take zuwa, ƙura kuma huhu. Nawa ya riga ya lalace, ba ya gyaruwa. Na Muzammil da sauransa. Abin da zai tsare shi ruwa ne a kan faifan injin, da abin rufe hanci. Ba ya jin maganata, Inna. Taki yake ji."

Maganar nan da na faɗa a numfashi ɗaya, shi sai da ya tsaya ya fi a ƙirga kafin ya kai ƙarshenta. Maburgin ya tsaya. Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Tasi'u, tambaye shi. Duk shekarun nan?"

Ya ce, "Na sha, Inna. Ta yi mini daɗi, ta riƙe mini jiki. Amma ba ta je can ba."

Ɗan maraƙi ya yi kuka a bayan bukka. Sannan ta ce, "Tasi'u, rana tana yi, ku kama hanya."

Washegari ƙwarya ba ta zo ba. Jibi ma haka, ba tasa ba, ba ta Muzammil ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. In na biya da safe sai in tarar da shi a bakin zaure yana kallon hanyar da masu nono ke shigowa. Su wuce su gaishe shi, ya ɗaga hannu. Na ga yadda abin yake cinsa, ya fi tarin. Ni kaina na rasa inda zan sa raina, na fara tunanin ko na raba ɗa da uwarsa ne kuma ban tsirar da kowa ba, don Muzammil cewa ya yi Inna ba ta ce masa komai ba.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, wani Malam Uzairu a bakin gari ya kira mu mu fasa masa ƙofar shago a katangarsa. Katanga ce ta bulo mai kauri, an cika cikinsa da kankare. Sunusi ya ce sai ya zo, na ɗauko shi na zaunar da shi a inuwar darbejiya. Na sa linta, Muzammil ya duba faifai, ya ɗaure, ya ja layi, komai yadda aka koya masa. Aka rataye jarka, sai aka ce ruwa fa? Malam Uzairu ya ce rijiyarsa ta ƙafe, mai kura bai zo ba, ɗan wanda ke randa na sha ne da alwala. Ya ce, "Ku yanka haka mana, kowa ba haka yake yi ba? Ni fa na riga na yi wa mai haya alkawari."

Muzammil ya dubi wansa, ya dubi mai gida, ya jawo rawani ya fara naɗawa. Ya ce, "Hamma, yau ɗaya dai."

Sunusi ya yunƙura ya taso, ya ɗauki filogin ya koma ya zauna da shi a hannu. Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Malam Uzairu yana ta mita, ni kuma ina shirin gaya masa wadda ba zai manta ba, sai na hango mace tana tahowa ta hanyar gonaki, ita kaɗai, da babbar ƙwarya a ka, tana takawa a hankali kada ta zube. Zafin ranar nan ko jaki ba ya son fita. Sai da ta matso na gane Inna ce. Ashe masu nono sun kai mata labarin inda za mu yi aiki.

Muka gaishe ta, ni da Muzammil muka kama mata muka sauke. Ƙwaryar tatsarta ce, babbar, wadda ba ta bari kowa ya taɓa. Na buɗe, na ga ruwa. Ta ce a yashin rafi ta tono shi, ta tace da ƙyallen da take tace madara, don ta ji an ce siririyar hanya yake bi.

Ta juya ta dubi autanta, ta ce, "Muzammil, cire tsumman nan, sa abin da aka sayo maka. In ruwan nan ya ƙare, ka kashe. In na ji ka sake yanka a bushe, kada ka zo mini gaisuwa."

Ya warware rawani, ya ɗauko takunkumi daga kan babur, ya sa takalmin roba. Na juye ruwan a jarka. Sunusi ya miƙa filogi, aka ɗage mahaɗar a kan bulo, aka gwada na'urar ta katse, aka mayar. Injin ya ɗauka, ruwa ya gangaro, faifai ya shiga bango. Maimakon farin hayaƙin nan da na saba gani, sai ruwan toka-toka yake bin katanga yana sauka. Inna ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu, ba ta ko toshe kunne ba.

Ruwan ƙwarya ɗaya nawa yake? Ko gefe ɗaya na ƙofar ba a gama ba tiyo ya fara tsiyaya. Muzammil ya kashe da kansa, ya riƙe sai da faifan ya tsaya, ya ajiye. Sai a lokacin Malam Uzairu ya tuna wai akwai burtsatse a unguwar gaba, ya hau babur da jarkoki yana sunkuyar da kai. Allah ya shirya!

Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta kife a ka, ta ce za ta koma, shanu ba kowa. Na ce in kai ta a babur, ta ce ƙafarta ta san hanya. Da ta zo daidai inda Sunusi yake zaune sai ta tsaya, fuskarta tana kallon gonaki. Ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta, ta fito da 'yar gorar madara ƙarama, ta sunkuya ta ajiye a gefen ƙafarsa.

Ta ce, "Tasi'u, gaya wa wancan, wannan ba magani ba ce. Ya sha kawai."

Ta wuce. Sunusi ya ɗauki gorar da hannu biyu, ya juya mana baya kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin tarin ya bar shi ya sha.